Tuffar da Ta Raɗa wa Baba Suna

Lambeth, Landan, Agusta 1891

Ƙanwata Keziah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da bishiyoyinku kuna lafiya. Baba ya kwanta, ciwon ƙirjin nan ne. Ni ke tura baron talla yanzu, jakinsa ma ya raina ni.

Sabon faston nan mai surutu ya zo duba shi, ya tambayi sana'arsa. Baba ya ce kostamonga, kamar ubansa da kakansa. Fasto ya ce ko ya san asalin sunan? Wai "monga" tsohuwar kalma ce mai nufin ɗan kasuwa, "kostad" kuwa wata ƙatuwar tuffa ce da aka yi tallarta a titi a zamanin da. Yau mai kifi da mai kabeji duk sun gaji sunan, tuffar kuwa ta ɓace daga kasuwa.

Tun ranar Baba ya hana mu sakat. Ya ce tun yana yaro yake amsa sunan abin da bai taɓa sawa a baki ba, kuma ba zai tafi a haka ba. Ke ce a ƙasar lambuna, ki nemo mana.

Yayanki, Jabez

*

Kent, Satumba

Yaya Jabez,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ba Baba sauƙi. Na bi gonakin da ke kusa da mu. Tsofaffi sun san sunan, amma kowa sai ya ce kakansa ne ya gani. An kwatanta mini wata bazawara a bayan tudu, zan je idan ruwa ya ɗauke. Ka gaishe shi da jiki.

Taka, Keziah

*

Keziah,

Ina gaisuwa. Ruwan zai ɗauke, amma ban san ko Baba zai jira shi ba. Romo kawai yake sha. Don Allah ki tsinko kowace ƙatuwar tuffa mai muni, mu ce ita ce. Mu 'yan talla ne, ba yau muka fara gyara wa kaya suna ba.

Jabez

*

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarka ta ɓata mini rai. Ka yi wa masu saye wannan dabarar, ban da Baba.

Na je cikin ruwan. Bishiya ɗaya ce a bayan kejin kaji, rabinta ya bushe. Matar ta ce a gidansu kostad ake kiranta tun kaka da kakanni, iyakar shaidata ke nan. 'Ya'yanta ba su gama nuna ba, amma na tsinko uku, suna cikin wannan ƙunshin.

Ƙanwarka, Keziah

*

Ƙanwata,

Sun iso, na gode. Baba ya juya ɗaya a hannu, ya goge ta da ƙyallen wuyansa, na yanka masa ɗan siriri. Ya tauna, ya yamutse fuska. Ya ce, "Wannan tsamin muka gada? Shi ya sa halinmu yake haka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ba ta ciyuwa, amma za ta sayu. Ka ce wa Keziah buhu biyu, zan fita da su ranar Asabar."

Kada ki aiko da komai. Ban ga alamar zai kai Asabar ɗin ba. Ki taho da kanki, a jirgin ƙasa na farko.

Yayanki, Jabez