Sunanki a Katin Iyali

Narayi, Kaduna
9 ga Yuli, 2006

Zuwa ga yayata Celina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Kevin da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan kalau muke. Baba yana fama da ƙafarsa kamar kullum, autarmu Debby ta shiga aji uku. Mangwaron da kika dasa a bayan gida ya wuce rufi, mai shi kuwa ko ɗaya ba ta taɓa sha ba. Ran Lahadi in mata suka tashi waƙa a coci, har yanzu sai in waiwaya ina neman muryarki. Na yi kewarki, Yaya.

Watan jiya na je asibitin likitanmu na nan Narayi, na yi gwajin bakin mahaifa da ake ta yi mana maganarsa a zumuntar mata. Kin san ni da tsoro, sau uku ina kaiwa ƙofa ina juyowa. Ashe minti biyar ne, kuma nas mace ce ke yi. Sakamako ya fito lafiya. Likita ya ce da Mama ta yi shi da wuri, wataƙila da an tare ciwon kafin ya zama kansa. Kin tuna yadda ta ɓoye mana zubar jini wata da watanni, tana wanke zannuwanta da kanta. Shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya tun da kika ce mini a waya kina ganin jini ba lokacinsa ba, wai gajiya ce kawai. Na gaya wa likita, ya ce kada ki jira.

Ran nan nas ta ɗauko katinmu na iyali, wanda Baba ya buɗe tun kafin aurenki, ta ce za a cire waɗanda ba sa zuwa. Ta karanta sunan Mama, na ce ta rasu, ta ja layi a kai. Sai ta karanta naki, ta ɗora biro. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba, na ce wannan tana nan, tana zuwa.

Don Allah ki je a duba ki a can cikin makon nan. In kunya ce, ki hau mota ki taho, ni zan raka ki har ciki.

Ki gaida Baban Kevin, da Kevin, da Irene. Baba yana gaishe ki, ban gaya masa komai ba. Yaya, layi ɗaya ya ishe mu a katin nan.

Ƙanwarki,
Asabe