Jirgin da Kika Wanke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ke kwance a maƙabartar Bungudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ɗa ke yi wa uwa, ina roƙon Ubangiji ya yalwata makwancinki. Ni ne Bawa. Na san ba a kai wa na ƙasa takarda, amma maganar nan ta daɗe tana cina, gara in zubar da ita inda mutane za su gani.

Shekaranjiya na ratsa ta Sabon Gari, na ga wani kanti an jera kwalaye, a jikin kowanne an zana jirgin yaƙi, wai yara su saya su harhaɗa. Mai kantin ya tare ni da talla, yana cewa in saya wa jikoki. Na tofar da yawu na wuce, ina jin sa yana cewa tsoho ya fara rikicewa. Bai san na riga ubansa harhaɗa wannan ƙazamin abu ba.

Kin tuna shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau. A shekarar ne sana'ar gidanmu ta fara mutuwa a tsaye. Kwanukan kanti sun cika kasuwa, matan da ke rububin akushin Baba, Allah ya jiƙansa, suka koma ɗaga namu suna ajiyewa, wai ya yi nauyi. Samarin unguwa duk sun naɗe tabarma sun tafi haƙar kuza a Jos. Ni kaɗai na rage miki, ga ƙafarki ta fara kumburi. Ba ki taɓa cewa kada in tafi ba, amma duk wanda ya ambaci kuza a gabanki sai ki tashi ki shige ɗaki.

Ana nan sai Malam Isa, mutumin Tsafen nan da ke yi wa wani Baturen kamfanin gyaɗa kuku, ya same ni a kasuwa. Ya ce maigidansa, wanda mutane ke kira Mai Ɗingishi, ya tuƙa jirgin sama a yaƙin Jamus, kuma an aiko masa da akwati daga ƙasarsu, cike da guntayen katako na kwaikwayon jirgin nasa. Hannun Baturen yana rawa, ba zai iya haɗawa ba, yana neman masassaƙi mai haƙuri. In aikin ya yi masa, zai ɗauke ni kafinta a farfajiyar kamfani. Gusau kuwa nan ce kusa, kowace Juma'a ina gida. Ban tsaya jin sauran bayani ba na ce na iya.

Da na sauke akwatin a tsakar gida na buɗe, kika leƙa, kika ga tsinkaye da ɓawon katako da ƙyallen farin yadi, kika ce, "Wanga ai abin da akan share na, ba abin da akan ɗauko ba." Ni ma a raina na raina shi. Mutumin da ya saba da gatari da gizago, yau an ba shi katakon da in ya yi atishawa sai ya bi shi da gudu.

Akwai hoton jirgin a ciki, da takarda mai zane. Fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya kamar rumfa a kan rumfa, da sanduna a tsakani, da mazauni biyu, na gaba na matuƙi, na baya na mai harbi. Gaba ɗayansa bai wuce tsawon hannuna ba. Na jera haƙarƙarin fiffiken ɗaya bayan ɗaya, na kankare kowanne da bakin aska har ya zauna daidai. In na gama ɓangaren dama sai in ga na hagu ya karkace, in ɓalle in sake. Idona ya riƙa yin ruwa, wuyana ya sage, kina wucewa kina cewa ko saƙar kwarkwaro ba ta cin mutum haka.

Sai maganar danƙo. Na akwatin wani dunƙule ne baƙi da ake narkawa a wuta, bai je ko'ina ba ya ƙare. Malam Isa ya ce da fata da kofato ake yin sa, don haka na je mahauta na roro, na zo na dafa. Inna, har gobe ban manta warin nan ba. Ƙudajen Bungudu kaf suka yi sallama a gidanmu. Maƙwabta suka aiko a tambaya ko jakinmu ne ya mutu. Kika hana ni tukwanenki, kika jefo mini wani fasasshen kasko, kika kore ni bayan rumbu. Kwana da kwanaki ina cin tuwo ina jin ɗanɗanon kofato a maƙogwaro.

Duk da haka, ba zan ɓoye ba, da ya fara zama jirgi sai na fara son sa. Na ja yadin a kan fiffike ya ɗame kamar fatar kalangu. Zaren akwatin ya yi kauri, na roƙi gashin wutsiyar dokin Sarkin Noma na ɗaɗɗaure tsakanin sandunan. Farfelar da aka aiko ta tsage, na sassaƙa wata da maɗaci. Na shafa masa launin ƙasa-ƙasa da takardar ta nuna, na zana masa da'irori ja da fari da shuɗi irin na jikin zanen. Har bindiga mai ruwa na ɗora a baya, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ranar da na gama kika zagaya shi, kika ce, "Hannun ubanka na." Ba ki taɓa yabona da abin da ya fi wannan ba.

Na sa shi a kwando, na lulluɓe da zanenki, na ɗauka a ka har Gusau, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Mai Ɗingishi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya girgiza kai. Malam Isa ya fassara mini cewa aiki ya yi kyau, amma ya yi tsabta da yawa. Nasa jirgin ba haka yake ba. Yana son baƙin hayaƙi ya bi gefe, maiƙo ya tsiyaya daga hanci, laka a tayoyi, faci a fiffike inda harsashi ya huda. Sannan ya sa yatsansa mai rawa a mazaunin baya, ya ce nan kuma ja yake so, ya gangaro ta waje, domin a nan aka harbe abokinsa, kuma da gawarsa a baya ya sauko.

Na tsaya ina kallon bakinsa. Mu a gidanmu ko turmi ba a miƙa wa mai shi sai an goge. Ga mutum da hankalinsa, ya sa an kashe wata guda ana gyara abu, don a zo a ɓata. Jinin abokinsa ne zai ɗora a kan tebur yana cin abinci yana kallo. Tir da wannan son, na faɗa a zuci. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, na maida jirgi kwando na juyo gida.

Ban gaya miki abin da ya ce ba, don kunya nake ji. Na koma bayan rumbu na kankaro baƙin gindin tukunya, na kwaɓa da man gyaɗa, na ja da gashin kaza. Na ɗebo lakar bakin gulbi na ɗiga a tayoyin da na goge da hannuna. Na huda fiffike da tsinke mai zafi na liƙa faci. Na jiƙa karan dafi, jan rinin badukai, na ɗiga a mazaunin baya, na karkata jirgin ya gangaro. Abin haushin, Inna, shi ne ya yi kama. Da na ja baya na dube shi sai na je na wanke hannu har sau nawa ban ji ya fita ba.

Ranar Juma'a na ajiye shi a kan turmi ya sha iska na tafi masallaci, da niyyar in kai shi washegari. Ina dawowa na tarar da ke zaune a tabarma, kin miƙe kumburarriyar ƙafarki, jirgi a cinyarki, ga ƙwaryar ruwan toka da sabulun salo da tsumma. Kin naɗa auduga a tsinke kin bi kowane lungu. Ba hayaƙi, ba laka, ba ja. Har man kaɗe kika shafa wa farfela tana ƙyalli. Kika ɗago kina murmushi, kika ce kin ga ya sha hayaƙin murhu ne, kuma ba a fitar da ƙazanta daga gidanki a kai wa baƙo.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san sa'ad da na fara ba ki labari ba, tun daga hayaƙin har zuwa jan. Murmushin ya bar fuskarki. Ke ce mai wankan gawar matan unguwarmu, kowa ya sani, duk gidan da aka yi rashi ke ake fara aike wa. Kika dubi tsumman hannunki da ya rine, kika ce, "Ashe gawa niw wanke. To, Bawa, ba a maida ma gawa jininta."

Haka na kai shi. Mai Ɗingishi ya buɗe kwandon, fuskarsa ta yi ja, ya buga sandarsa a ƙasa yana ta faɗa da harshensu. Malam Isa ya ce mini a hankali wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. Da Baturen ya huce sai ya zauna, ya ce abokin nasa ba shi da kabarin da zai iya ziyarta, wannan jan shi ne abin da ya rage masa. Na ji tausayinsa, ba zan yi ƙarya ba. Ya ce in zauna nan a barandarsa in maida komai yadda ya ce, aikin kafinta yana nan yana jirana.

Malam Isa ya kawo baƙin tukunya daga kicin, ya aika kasuwa aka sayo karan dafi. Na yi hayaƙin, na yi lakar. Na tsoma gashin kaza a jan, na kai shi bakin mazaunin baya, sai hannuna ya tsaya. Malam Isa yana ta raɗa mini cewa rini ne kawai, in tuna da tsohuwata. Ai kuwa ke nake tunawa. Na ajiye gashin, na roƙi gafara, na ɗauki kwandona da zanenki na fita. Kafin mako ya zagayo an ɗauki wani kafinta daga Zariya.

Da na gaya miki ba ki yabe ni ba, ba ki kuma zage ni ba. Kika tashi kika jiƙa gero, kika fara yi mini guzuri. Da aka kai amfanin gona gida na bi ayarin kuza. Kika rako ni har bakin gulbi kina jan ƙafa, kina cewa in riƙe salla, in kuma guji abincin da ban ga dahuwarsa ba.

Ina cikin rami a Jos, ruwa har gwiwa, wani ɗan garinmu ya leƙo ya kira sunana. Ya ce in yi haƙuri, an yi sadakar bakwai ɗinki tun kafin ya taso. Ya ce maƙwabta ne suka yi jinyarki, kuma duk sanda aka taɓa ƙyauren gida sai ki tambaya ko ni ne.

Mutane sun sha ce mini wauta na yi, wai ɗigon rini ne ya raba ni da uwata. Wasu ranakun nakan yarda da su. Na tsufa yanzu, na girme ki nesa, kuma har yau ban san ko da kin fi son in ɗiga jan nan in zauna kusa da ke ba. Ba ki faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne ina ƙyamar jirgin nan, da warinsa, da yaƙin da ya haife shi, ƙyamar da ba ta ragu ko kaɗan ba. Ke kuwa ban taɓa jin haushinki ba, Innata, ko na ƙiftawar ido. Kewarki ce kawai, ga ta nan kamar jiya aka yi.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Ya saka wa matan da suka tsaya a kanki sa'ad da ba na nan. In an taɓa ƙyauren inda kike nan gaba kaɗan, Inna, da yardar Allah ni ne.

Wassalam.

Ɗanki,
Bawa Masassaƙi, Bungudu.