Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin Ƙofar Gidanmu

Litinin, 11 ga Fabrairu, 2019
Yaya Halliru ya iso Dubai sarin kaya. Da na tashi daga kemis ɗin da nake aiki na same shi a masaukinsa a Al Ras. Ya rame. Baba har yau ba ya amsa gaisuwarsa, shekara huɗu ke nan.

Talata, 12 ga Fabrairu
Duk a kan ƙuri'a ɗaya! Baba wakilin akwati ne tun 79, tun mazaɓarmu ta tarayya tana zaman kanta, kafin a haɗe mu da maƙwabta. Jam'iyyu sun yi ta sauya suna, shi bai sauya ɓangare ba. Sakamakon kowane zaɓe yana kansa. Tinƙahonsa ɗaya: akwatin ƙofar gidanmu bai taɓa ba 'yan hamayya ko guda ba. Sai 2015 aka ƙirga aka ga ɗaya. Nan take ya ce Yaya ne, don yana zama a majalisar 'yan can.

Ni ce na jefa ta. Kuma ko gobe zan sake.

Asabar, 16 ga Fabrairu
An ɗage zaɓe. Yaya ya ce khalas, wato shi ke nan, sai kwantenarsa ta tashi zai koma. "In je in yi me, Wasila? Ko na dangwala wa nasa, ba zai yarda ba."

Yatsana ne. Laifina ne da Baba bai taɓa zaton 'ya mace tana da ra'ayi ba?

Laraba, 20 ga Fabrairu
Inna a waya: matar Yaya ta haihu, Baba ya rantse ba zai je sunan ba.

Lahadi, 24 ga Fabrairu
Akwati ya fito tas, babu ko ɗaya ta hamayya. Inna ta ce Baba yana ta nuna wa mutane takardar, wai kun gani, da munafukin ba ya gari. Ni ma ai ba na gari. Ba wanda ya lura.

Talata, 26 ga Fabrairu
Muna cin shawarma a Al Rigga na ce, "Yaya, ni ce fa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Na sani. Ni na raka ki rumfar zaɓe ranar. Da Baba ya gane, da kin zo Dubai aiki?"

Na ajiye shawarmar.

Laraba, 27 ga Fabrairu
Ban yi nadamar ƙuri'ata ba. Ban yi ba.

Na tambayi Inna yaushe Baba yake zama shi kaɗai a zaure. Ta ce bayan la'asar. Gobe zan kira shi in faɗa masa.