Wandon Dada da Rigar Gidanmu

Zuwa ga yayata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, tare da fatan kina cikin ni'imar makwanci. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, addu'a ce kaɗai ke isa, kuma ita ban taɓa fasawa ba. Amma akwai labarin da tun da ya faru na rasa wanda zan ba wa ya yi irin dariyar da za ki yi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi a nan, masu leƙe su leƙa.

Albishirinki, Mudassir ɗinki ya shiga sakandare. Ya samu makarantar kwana a Ƙaraye. Yaron da kika bar mini yana ɓuya a bayan randa idan an ce ya zo a yi masa wanka, yau shi ne mai akwatin ƙarfe da bokiti da kwaɗo.

Duk sayayyar ta zo da sauƙi. Inda gizo ya yi saƙa shi ne ɗinkin yunifom.

Kin tuna wanda Inna ta sa aka ɗinka miki da za ki shiga aji ɗaya? Wandon da sai kin ja shi har hammata kafin ki ɗaure zariya, da hijabin da ke share hanya tun daga ƙofar gida har bakin aji. Kika yi kuka kamar ranki zai fita, Inna ko a jikinta. Maganarta ɗaya ce: "Ba a ɗinka wa yaro kayan yau, na gobe ake ɗinka masa." Kika gama makarantar goben ba ta zo ba. Na gaje su, ni ma na gama ban cika su ba. Ƙarshe dai hijabin labule ya zama a ƙofar madafa. A ranar na yi alkawari a raina, in Allah ya ba ni ɗa ba zan taɓa yi masa haka ba.

To, Yaya, ki ji yadda alkawarin ya ƙare.

Kin san surukarki Dada. Tun rasuwarki ta so ta ɗauke yaron ya koma Fulatan wurin dangin ubansa. Na gaya mata a hannuna kika damƙa shi a asibiti, a gaban ɗanta Bello. Ta haƙura, amma irin haƙurin nan ne da ake ajiyewa a gefen zane. Duk zuwan da za ta yi Rogo sai ta kama damtsensa ta latsa kamar mai tayin rago, ta ce, "Angona, tuwon ne ba a ba ka, ko kai ne ba ka ci?" Ni kuma in yi murmushi in kawo mata ruwa. Shekara da shekaru muna wannan yaƙin, ba wadda ta taɓa ɗaga murya.

Ranar da za mu je wurin tela, ina cikin neman mayafi sai ga sallamarta. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Ta sauko daga bayan ɗan acaɓa, ƙwaryar fura a hannu ɗaya, dogon karan dawa a ɗayan. Na ɗauka sanda ce ta fara dogarawa, har na yi mata sannu da ƙafa. Ta ce ƙafarta lafiya lau, wannan awo ne. Wai tsohon wandon Bello ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zaro kara daga jikin danga ta yanke daidai tsawonsa.

Haka muka ratsa kasuwa, ni a gaba, Dada da karanta a baya, Mudassir a tsakiya kansa a ƙasa.

Malam Sabi'u tela yana nan a rumfarsa yadda kika san shi, tef a wuya, alli a bayan kunne. Bayan gaisuwa ya auna yaron tsaf, sannan ya yi tambayar da ta ɓata komai: "Na shekara nawa za a ɗinka?"

Wallahi, Yaya, na buɗe baki da niyyar in ce a yi masa daidai jikinsa. Sai na tuna tsadar yadi, na tuna yadda yara ke miƙewa kamar masara a damina. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, "A yi wanda zai kai shi aji uku." Muryar Inna ce sak. Har na waiwaya.

Dada ta matso ta jingina karan nan a jikin Mudassir. Karan da aka ce tsawon ƙafa ne ya zo masa har ƙirji. Ta ce da tela, "Ga tsawon wando." Malam Sabi'u ya dubi kara, ya dubi yaro, ya ce, "Hajiya, wando kawai, ko har da rigar a haɗe?" Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubansa dogo, kakansa dogo, a zuriyarsu ba a taɓa haifar wanda ya shiga ɗaki bai sunkuya ba.

A nan ne jinin gidanmu ya motsa. Na ce cikin ladabi, "Dada, ai yaro ba uba kaɗai yake ɗaukowa ba." Kin san mu. Baba har ya koma ga Allah ƙafarsa ba ta taɓa kaiwa ƙasa a kan keke ba. Ke kanki sai kin taka turmi kike sauko da kwano daga saman kanta. Mu ba ma yin sama, gefe muke yi. Na ce in dai gaba ake dubawa, faɗi za a ƙara, ba tsawo ba.

Ta ce tsawo. Na ce faɗi. Ta juya harshe ta yi wata magana da Fillanci wadda ban ji ba, amma mai sayar da maɓalli a rumfar kusa ya ji, don sai da ya tuntsire da dariya. Masu jiran ɗinki suka rabu biyu. Wani tsoho ya kama tafin hannun yaron ya duba ya ce dogo ne. Wata mata ta ce a dubi wuyansa, wannan wuyan masu ƙiba ne. Ke da kin ga taron sai ki rantse gado ake rabawa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kira Bello a waya. Yana can Kudu wurin fataucin shanunsa. Na bayyana masa komai, Dada ta karɓa ta bayyana nata. Sai ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na ce ai ba mu yi ba, shi ya sa muka kira. Sai ya fara "Halo, halo, ba na ji," alhali ina jin kukan shanu a bayansa tangaran. Mijinki bai canza ba.

Malam Sabi'u ne ya raba gardamar, don rana ta yi kuma keken ɗinkinsa na tsaye. Ya ce tun da yaron na gida biyu ne, a raba shi. Daga ƙugu zuwa ƙasa na dangin uba, a yi wando da awon Dada. Daga ƙugu zuwa sama na dangin uwa, a yi riga da awona. Kowa ta ga ba ta faɗi ba, muka amince. Don kada in ji kunya, na ce ya ƙara wa rigar faɗi sosai. Ita ma Dada na ji tana raɗa masa kada ya rage ko ɗan yatsa.

Sai a hanyar gida na tuna ba wanda ya tambayi mai kayan ko kalma ɗaya.

Ranar gwaji, Yaya, na so a ce kina nan. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, riga ce ta fara fitowa. Kafaɗarta ta sauko masa gwiwar hannu, aljihunta yana kan cibiya, in iska ta shiga sai ta kumbura kamar an shanya zanen gado. Wandon kuwa tela ya naɗe ƙafarsa ya kalmashe ta ciki ninki a kan ninki, wai duk shekara a warware ɗaya, har bakin ya yi nauyi kamar gammo. Ƙugun bai tsaya da bel ba, sai da muka huda sabon rami da ƙusa. Ya tsaya a tsakar gida kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar gero. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko mai kayan yana ciki.

Na ce, "Ya yi kyau." Dada ta ce, "Ya yi kyau." Wannan ne karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya tun rasuwarki, kuma dukkanmu ƙarya muke yi. Shi dai ya dube mu, ya koma ɗaki ya tuɓe.

Haka na kai shi Ƙaraye. Da na ga rigar nan ta shige ƙofar makaranta tana kaɗawa, sai dariya ta ɗauke mini. Na san 'yan makarantar kwana, na san bakinsu. Maraya ne, bai taɓa kwana nesa da ni ba, kuma ni da hannuna na sa masa abin da za a yi masa dariya, don kawai kada tsohuwa ta kayar da ni a gaban tela. Makonnin nan ko tuwo ban ji daɗinsa ba. In na zo kwasa sai in zuba malmalarsa, sannan in tuna.

Ranar ziyara muka tafi tare da Dada a mota ɗaya. Ni da dambu da soyayyar kaza, ita da fura da man shanu. Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya muna baza ido, muna neman riga mafi faɗi a makarantar. Har na hango wata na ɗaga hannu, ashe ba shi ba ne. Sai muka ji sallama a kanmu. Wani ɗan saurayi tsaf, riga daidai kafaɗa, wando daidai idon sawu, ya durƙusa ya gaishe mu. Dada har ta amsa masa irin amsawar da ake yi wa ɗan mutane.

Mudassir ne.

Da ya ci ya ƙoshi ya ba mu labari. Satin farko Buhu suke kiransa. Ya ce ya yi kuka a bayan ɗakin kwanansu, amma bai bari an gani ba. Sai ya lura da wani dogon yaro ɗan Falgore, Isiyaku, wanda aka ɗinka wa wando daidai jiki tun kafin babbar sallah, kafin a buɗe makaranta ya tsere masa ya tsaya a ƙwauri, kullum malami na kora shi daga layi. Ga kuma wani kakkaura daga Rogo Ruma da maɓallan rigarsa ke tsinkewa duk lokacin da ya yi atishawa. Ɗanki ya tara su, aka yi musaya. Wando ya tafi Falgore, riga ta tafi Rogo Ruma, shi ya karɓi nasu. Har da cikon ƙuli-ƙuli suka ba shi, don ya ce nasa yadin ya fi yawa.

Dada ta ce a kira mata Isiyakun. Ya zo, dogo siriri, an warware kalmasar nan kaf, wandon ya zauna masa kamar don shi aka yanka. Ta daɗe tana kallonsa cikin sha'awa, ta dama masa fura da hannunta, sannan ta dube ni ta ce, "Kin gani? Awona bai yi ƙarya ba." Na ce ai rigata ma ga ta can ta samu mai ita, ko tattara babu. Muka tashi kunnen doki.

Sai ta juya kan jikanta. "To, Angona, baɗi in ka girma fa? Waɗannan ba za su kai ka ko'ina ba."

Ya suɗe hannunsa a natse ya ce, "Dada, baɗi ma za a kawo 'yan aji ɗaya. Kuma kowa yana da kaka."

Tsohuwar nan ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ban taɓa sanin haƙoranta na ciki sun zube ba sai ranar.

Da aka kaɗa ƙararrawa ya tattara kwanukansa, ya yi mana sallama, ya juya. A nan ne abin ya same ni. Yanzu da kaya suka zauna masa, sai na ga tafiyarsa. Kafaɗar hagu a ɗan karkace, hannu ɗaya na lilo, taku ƙanana da sauri kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Yaya, ke ce kike tafiya a filin nan. Na kasa motsi.

Ina tsammanin ni kaɗai na gani, sai na ji hannun Dada a kan nawa. Idonta na kan yaron har ya sha kwana. Ta ce a hankali, "Tsawo da faɗi sai abin da Allah ya yi. Amma tafiyar nan ta Rabi ce." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙara da cewa, "Hajara, kin riƙe amana." Har muka iso Rogo ba ta saki hannuna ba, kuma ranar a gidana ta kwana.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Inna da Baba. Allah ya raya mana Mudassir bisa tafarkin Musulunci, ya ba shi ilimi mai amfani, ya sa ya zama mai yi miki addu'a bayan ba ma nan. Ya ƙara wa Dada lafiya da nisan kwana. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, amin.

Ƙanwarki da ke kewarki kullum,
Hajara,
daga Rogo.