Tayoyin da Malam Ya Bari

Assalamu alaikum, Malama Zaituna. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da rubutun ya ba ki wahala. Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu hannuna bai faɗa ba. Na so in sa a rubuta mini, amma maganar ba irin wadda zan iya faɗa wa mutum ido da ido ba ce.

Tambayata a kan tayar babur ce. Na san za ki ce wannan ai na bakanike ne. Ki yi haƙuri ki ji.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin bandar kifi yake yi tsakanin Nguru da Gashuwa. Ya daɗe yana burin babur, har Allah ya hore masa wani ƙarami, ja, sabo dal. Malam mutum ne mai tanadi, ranar da ya saye shi ya haɗo da tayoyi biyu na ajiya. Bai yi wata uku yana hawa ba aka hana babur a jiharmu. Ya tura shi ɗakin da muke ajiye gero, ya lulluɓe shi da tsohon zanena. Duk Juma'a sai ya yaye zanen ya goge shi, yana cewa yau ko gobe za a ɗage dokar. Shekara bakwai yana gogewa, ciwon ƙoda ya ɗauke shi bai ga ranar ba.

Da aka ɗage, bayan shekara goma da wani abu, ɗana na fari ya fito da shi. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, kin san kunyar ɗan fari. Yau zan rubuta shi: Zakir. Ya kai babur ɗin aka wanke tanki, aka sa sabon batir, ya dawo ya ce mini bakanike ya ce a canza taya. Ni ce na hana. Na tsuguna na shafa ta da hannuna, zanenta bai ci ba ko kaɗan, har 'yan gashin nan na sabuwar taya ba su gama kakkaɓewa ba. Na ce masa ciniki kawai suke nema, kuma abin da ubansa ya bari lafiya lau ba za a cire a yar ba. Bai yi mini musu ba. Dama shi ba ya yi.

Wata biyu ya yi yana kai kifi. Wata Laraba cikin bazara, da azahar, ya ɗauro kwali biyu, kafin ya kai Jajimaji tayar gaba ta fashe. Direban da ke bayansa ya ce ƙarar kamar bindiga. Ba a kai da shi asibiti ba. Da safiyar ranar ya ce in ajiye masa fura, tana nan cikin ƙwarya aka shigo da shi.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma ba wanda ya san ni na hana, har ƙanensa.

Ƙanen nasa, Ridwanu, shi kaɗai ya rage mini. An ɗauke shi aikin koyarwa a wani ƙauye gaba da Dagona, hanyar rabi kwalta rabi yashi, ko Keke Napep ba ya shiga. Ya gyara babur ɗin, ya ciro tayoyin ajiyar nan na ubansa, har yanzu a naɗe cikin ledarsu, ya ce waɗannan kam sababbi ne tunda ba su taɓa taka ƙasa ba. Da na ji maganata tana fitowa daga bakinsa, sai na faki idonsa. Na ɗauke mabuɗin na ɓoye a jakar littattafaina. Yau kwana tara. Ya birkice gida yana nema, ni ma ina ɗaga tabarma kamar gaske. Na san ya gane. Mai yanka mabuɗi yana nan bakin kasuwa, amma bai je ba, jira yake in ba shi da hannuna. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Saura mako biyu a koma makaranta, in bai je ba za a ba wani gurbin.

Na shiga kasuwa da kaina ina tambaya. Wani ya ce 'yar gwanjo ta ƙasar waje ta fi ƙarko. Wani ya danna da farce ya ce mai tauri ce ke daɗewa. Wani ya ce in koma in turo namiji. Na dawo kaina ya fi ɗaurewa.

Malama, wace taya ce mai ƙarko da ba za ta ci amanar yaron nan ba? Na ajiyar nan za su yi? In faɗa masa abin da na ɓoye? Kuma ki gaya mini gaskiya, kada ki ji nauyina: ni ce na kashe ɗana?

Daga uwa mai ɓoyon mabuɗi, Nguru.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mama. Allah ya jiƙan Malam da Zakir, ya ba ki haƙurin rashi. Rubutunki ya karantu sarai, sai dai na ajiye takardar sau biyu kafin in kai ƙarshe.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Ba ke kika kashe shi ba. Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba, amma kuskuren wadda ta duba da ido ta shafa da hannu ta ga abu lafiya. Ba ke kaɗai ba ce kika ɗauka zane shi ne lafiyar taya. Ga kuma zafin kwalta da nauyin kaya, ba wanda zai rantse abu ɗaya ne sanadi. Ajali na Allah ne. Abin da ya rage a hannunki shi ne Ridwanu.

Tsoronki a kan tayoyin ajiyar nan yana kan hanya. Na kai maganar wurin Malam Bobboi, wanda ya yi shekara talatin yana facin taya, ya ce roba tana tsufa ko ba a hau ta ba: tana bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage, balle a ɗaki mai zafi. Tayar da ta haura shekara goma ba a ɗora rai a kanta, ko tana cikin leda. Kada a sa su.

Amma Ridwanu ma yana da tasa gaskiyar. Aiki ne ya samu, kuma ɓoye mabuɗi ba ya tsare rai. In ya gaji ya ari babur ɗin wani, tayar da ba ki taɓa gani ba zai hau.

Ga abin da za ku duba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere, galibi cikin ɗan zagaye. Biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 1224, an yi ta a mako na goma sha biyu na 2024. Ku ɗauki wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Wadda ba ta da lamba, ko aka kankare, ku bar ta. Ku bar 'yar gwanjo, ku bar wadda ta sha rana a ƙofar shago. Tauri ba ƙarko ba ne, sau da yawa tsufa ne. Girmanta ya zama daidai da lambar da ke jikin ta asali, ta gaba daban, ta baya daban, kowace da sabon tub. Tunda hanyarsa kwalta ce da yashi, ya nemi mai zurfin zane, ta kamfanin da bakaniken da kuka yarda da shi ya sani.

Sauran ƙarkon yana hannun mai hawa. Ya auna iska duk mako da safe kafin taya ta ɗau zafi. In ya rage iska don ya ratsa yashi, kada ya yi tafiya mai nisa a kwalta sai ya mayar. Ya rage kaya, ya rage gudu da tsakar rana, ya sa hular kwano. Ranar da ya ga tsaga ko kumburi, ko zane ya fara suɗewa, ya canza. Babu tayar da ba ta mutuwa, Mama. Mai ƙarko ita ce wadda ake dubawa.

Ki faɗa masa. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni. Yaron da ya ƙi zuwa wurin mai yanka mabuɗi don kada ya tsallake ki ba zai juya miki baya ba, kuma daga ranar ba zai ƙara raina taya ba.

Tayoyin Malam kuwa, a yanka su don kada wani ya tsinta ya sayar. Ki kewaye shuka da su a tsakar gida, su zauna inda za ki riƙa ganinsu.

Ranar saye kada ki tura namiji, ku je tare. Wancan karon hannu kika sa, wannan karon ki tsuguna ki karanta lambar da kanki. In ta yi miki, ki ciro mabuɗin daga jakar littattafan ki miƙa masa, ki kira sunansa, ki sa masa albarka.

Allah ya tsare shi a tafiya da dawowa, ya sanyaya miki zuciya.

Zaituna