Gishiri a Tafkin Majema

Challawa, Kano
4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Malam Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kuma ƙafar Inna Indo ta yi sauƙi. Ranar Juma'a na zo da maganar nan a bakina, sai na tarar kuna murnar kyan da latas ya yi, na kasa faɗa.

Baba, ku daina ban ruwa daga magudanar kamfaninmu na jimar fata.

Ruwan jima yana ɗauke da dafin da muke kira kurom. Kafin a sake shi yana zama a tafki, inda muke kiwon ƙwayoyin bakteriya masu karya dafin. Kowace ƙwaya tana da wani zare, DNA, mai ɗauke da umarnin ayyukanta. Ba ta fara aiki sai wani sinadari mai suna furotin ya kama zaren a daidai gurbinsa, kuma 'yan mitsi-mitsin ruwa ne ke shiga tsakani su haɗa su, kamar laka tsakanin tubali da tubali.

Wata biyu ke nan ruwa ya yi mana ƙaranci. Malam Ɗan'auta, shugaban masu wankin fata, mutumin da bai taɓa ɓarnar bokiti guda ba, ya juya ruwan wanke gishirin fata cikin tafkin, wai ruwa ai ruwa ne. Kun san yadda gishiri ke tsotse ɗanyar fata. Haka yake janye ruwan da ke haɗa furotin da zaren. A gwajin da na yi, furotin ya daina kama zaren. Ƙwayoyin suna raye, amma ba sa aiki. Sau huɗu na auna, dafin yana wucewa zuwa lambunku.

A gaishe da kowa.

'Yarku,
Mas'uda

19 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya haƙuri? Yaya Auwalu ya gaya mini kun ɗauke injin ban ruwa, kun kuma bi maƙwabta lambu-lambu kuna gargaɗi, har wani ya ce tun yaushe 'yar boko ta fi kakanta sanin ruwa. Duk da haka kun ci gaba da zagayawa. Na gode.

An toshe bututun gishirin. Manaja ya kawo takardar shaidar cewa ruwan watan jiya mai kyau ne, ya ce in sa hannu tunda an riga an gyara. Na ƙi. An cire ni daga ɗakin gwaji, yanzu ina sashen tantance fata. Malam Ɗan'auta ba ya iya kallon idona, alhali ban riƙe shi da komai ba. Ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Kun aiko a tambaye ni ko latas ɗin da ya riga ya isa yanka zai iya zuwa kasuwa. Kafin a karɓe mini makulli na auna ganyen da Yaya ya kawo. Ba zai yiwu ba, Baba. Ko awaki kada a ba.

Kada ku fara tugewa ku kaɗai. Zan zo ranar Asabar da safe, a ajiye mini fartanya.

Allah Ya musanya muku da mafi alheri.

'Yarku,
Mas'uda