Katangar da Na Gina a Kan Hanyar Mis Verlie

Roatán,
Ranar Lahadi da yamma.

Zuwa ga Yayata Ubaldina,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, irin ta ƙani ga wadda ta goya shi. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Porfirio da yara duka. Ubangiji ya sauƙaƙa wa Mama ciwon gwiwa, ya ba ku ruwa daidai buƙata, ya tsare gonar kofi daga cuta. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai rana ta ƙona ni har ba za ki gane ni daga nesa ba. Na gode da yadda kike riƙe da matata Dilcia da 'yata Yolibeth tun da na tafi. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda duk lokacin da na kira waya Mama tana kusa, ni kuma maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Ko a takardar ma ban san ta inda zan kamo ta ba.

Kin san Obdulio ɗan Kawu Fermín ne ya ce in zo, wai aikin gini a tsibirin nan ya fi ƙarfin hannuwa, kuma ɗakinsa zai ɗauke mu mu biyu. To, ban taɓa gaya muku ba, da na sauka daga jirgin ruwan da ya ɗauko ni daga garin La Ceiba, ban tarar da shi ba. Maƙwabtansa suka ce ya samu aiki a wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tafi, ɗakin kuma har an zuba wasu. Na yi ta yawo da jaka a kafaɗa ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Duk inda na je sai a dubi takalmina a ce babu wuri. A ƙarshe wata mai sayar da burodin kwakwa ta nuna mini wani gidan katako a kan turaku, can bakin ruwa, ta ce in gwada tsohuwar da ke ciki. Ita ce Mis Verlie, 'yar asalin tsibirin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna ƙasashen waje. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko ina shan giya, ko ina da mata, ko na iya gyaran rufin kwano. Da ta ji amsa sai ta ce ga ɗakin ƙasa nan, in kwashe tarkacen komar kifi in shiga. Sifaniyancinta a karye yake, ni kuma Turancinsu ba ya shiga kunnena, amma mun fahimci juna.

Aiki kuwa bai yi wuya ba. Ana gina wani katafaren otal kusa da mu, shugaban aikin, Don Arnulfo, mutumin yankin Olancho ne, shi ma baƙo a tsibirin, da ya ga hannuna sai ya ɗauke ni lebura. Na fara da kwaɓa siminti da tura baro. Da ya lura na iya ɗora bulo sai ya mayar da ni wajen katangar da za ta kewaye filin. Na yi murna, Yaya, har na kira ku a ranar, kin tuna. Kullum da safe Mis Verlie takan ƙulla mini soyayyen kifi da ayaba in tafi da shi, abokan aiki suna tsokanata wai na zo neman aiki na samu uwa, wasu kuma su ce ba uwa ba ce, amarya ce, in dai yi haƙuri da furfura.

Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta ratsa filin ta gangara bakin teku. Ina ganinta, ban taɓa tambayar inda ta nufa ba. Wata Asabar ina durƙushe ina ɗora bulo, sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai, Mis Verlie ce da furanni a hannu. Ta tambaye ni ko gishirin kifin ya yi daidai, ta tsallake igiyar awo ta wuce. Wani birkila ɗan tsibirin ne ya gaya mini cewa a ƙarshen hanyar akwai maƙabartar danginsu, a can mijinta Mista Cleveland yake kwance. 'Yan'uwan mijin ne suka sayar da filin. Kaburburan ba su shiga cikin cinikin ba, amma hanyar ta shiga. Idan katanga ta haɗe, ba mai isa wurin sai ta ruwa. Yaya, abincin ranar nan ko taɓa shi ban yi ba.

Da na koma gida na same ta tana kankare kwakwa, na ce mata ban sani ba, kuma idan ta ce in bar aikin zan bari. Sai ta yi dariya har da tari. Ta ce in na bari, kafin simintin da na kwaɓa ya bushe wani daga garuruwanmu na kan duwatsu ya sauko daga jirgi ya ɗauki cokalin ginina, ita kuma ta rasa hanya ta rasa ɗan haya. Ta ce in wanke hannu in zo in ci abinci. Na ɗauka fushi ne take ɓoyewa, na yi ta jiran ranar da zai fito. Bai fito ba. Wanda ya yi fushin shi ne Elroy, ɗan ƙanwarta, masunci, ƙato mai murya kamar injin jirgi. Duk inda ya gan ni sai ya ɗaga murya wai ga ɗan Sifen nan mai cin kifin tsohuwa da safe ya toshe mata hanya da rana. Haka suke kiranmu, 'yan Sifen, saboda Sifaniyancin da muke yi, mu da kafin zuwanmu nan ba mu taɓa wuce La Ceiba ba. Ban taɓa mayar masa ba, don ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Ranar da za a rufe giɓin ƙarshe, ni Don Arnulfo ya ba aikin. An kwaɓa siminti, an jera bulo, sai ga Mis Verlie cikin fararen kayan coci da hula. Ta bi ta tsakiyarmu ta gangara. Muka tsaya. Rana ta yi ta hawa, siminti yana daskarewa a ƙasa, Don Arnulfo yana kai da kawowa yana zagin sama da ƙasa, wai shi ba a ɗauke shi aikin gadin matattu ba. Amma bai aika kowa ya kira ta ba. Da ta dawo, rana a tsakiyar kai, shi ne ya fara cire hularsa. Ta tsaya a gabana, ta ce yanzu in rufe, kuma in miƙar da shi sosai, kada a ce ɗan hayarta yana gini a karkace. Na rufe, Yaya. Na rufe shi, kuma ginin ya miƙe.

Daga nan ne kaina ya ƙara kwancewa. A cikin makon, Don Arnulfo ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata yana kirana ɗan'uwa. Ya ce za a mayar da ni cikakken birkila, kuma akwai ɗaki a gidajen ma'aikata, da wuta da ruwan famfo, wanda zai ɗauke ni da iyalina. Abu ɗaya kawai, masu otal suna son filin gidan Mis Verlie don ajiye motoci, shi kuma ya ji tana jin maganata, to in riƙa sa mata baki a hankali. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na dai yi ta murza hula. Kafin in gama juya wannan, ita kuma ta kira ni bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, ta ja layi a ƙasa da sandarta. Ta ce daga nan zuwa nan in gina ɗaki biyu in ɗauko matata da 'yata, namiji ba ya zama shi kaɗai yana magana da ƙadangaru. Na tambaye ta dalili. Ta ce kwanonta yana yoyo, kuma ta gaji da aiken kanta kanti.

Kowa da abin da yake gaya mini. Mai burodin kwakwa ta ce tsohuwar tana da wayo, so take a ga mutane a filin, don kada dangin mijin su ce kango ne su sayar. Abokan aiki suka ce in kama ɗakin Don Arnulfo tun kafin ya ba wani, kyautar da ba takarda iska ce. Elroy kuwa ya tare ni a hanya ya ce in gina, in yi fenti ma, ranar da aka rufe idon tsohuwa shi da kansa zai watso kayana cikin teku. To ni mene ne a gidan nan, Yaya? Ɗa ne, ko maigadi, ko dutsen da ake danne tabarma da shi kada iska ta ɗauka? Na kasa riƙewa, na gaya wa Mis Verlie abin da Don Arnulfo ya ce, kalma da kalma. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce ai ba ni ne na farko da aka aiko ba, in je in ce masa tana tunani. Haka nake gaya masa duk lokacin da ya tambaya, shi kuma fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Ban san ranar da zai gaji ya ce in ajiye kayan aiki ba.

Asabar ɗin wancan makon Mis Verlie ta yanko furanni kamar yadda ta saba, ta zauna a matakala da su a cinya. Elroy ya ƙi kai ta, wai bin ruwa yarda ce da katangar, shi kuma bai yarda ba. Sai na aro kwalekwale wurin wani maƙwabci. Kin san ni da ruwa, ko kogin garinmu ba na shiga ya wuce gwiwa. Na yi ta tuƙi muna juyawa wuri ɗaya kamar kaza mai farfaɗiya, Turawa a bakin gaɓa suna ɗaukar mu hoto. Da abin ya ishe ta sai ta ce in miƙo katakon tuƙin in riƙe furanni, kada in nutsar da ita kafin lokacinta. Haka muka isa, tsohuwa tana tuƙi, ƙato yana rungume da furanni.

Wurin ɗan tsiri ne tsakanin teku da katanga. Ta durƙusa a kan kabarin tana magana da Turanci, sai kuma ta juya zuwa Sifaniyanci don in ji. Ta ce wa mijin ga Nectalí nan, shi ne ya gina wannan katangar, ya duba ya ga aiki, ba karkata ko kaɗan, kuma shi ne zai yi gini a bayan gida. Na tsaya, bayana yana jingine da bulon da na ɗora da hannuna, ban san ko gaisuwa zan yi ko neman gafara ba. Na rasa abin yi, sai na durƙusa na hau cire ciyawa. Ita kuma ta daɗe tana shafa sunan da ke jikin dutsen. A nan kaɗai na ga hawayenta, kuma ba ta dube ni ba har muka koma.

Jiya na fara haƙa harsashi a bayan gida. Kada ki tambaye ni yaushe na yanke shawara, don ban yanke ba, na dai ga kaina da diga a hannu. Ina cikin haƙa sai ga Elroy, ya tsaya a kaina yana zagi. Ya zagi duwatsunmu, ya zagi jirgin da ya kawo ni. Can sai ya ce ko ramin ma ban iya ba, ta nan ruwa yake kwararowa idan guguwa ta zo, so nake yarinya ta kwana cikin tafki? Ya fizge digar ya ja sabon layi, ya haƙa har rana ta faɗi, bakinsa bai huta da zagina ba. Da ya gama ya wanke hannu, ya ce maganarsa tana nan, zai watso kayana cikin teku, kuma in sayi rodi mai kauri, iskar gishiri tana cinye siriri. Ya ce zai dawo Asabar.

To kin ji inda nake, Yaya. Aikin da nake da shi zai iya tafiya gobe, filin da nake gini a kai ba nawa ba ne, mutumin da ke taya ni ya rantse zai kore ni. Duk da haka ina so Dilcia da Yolibeth su zo bayan an gama tsinkar kofi. Ki karanta wa Dilcia wannan takarda gaba ɗaya, kada ki tsallake komai, ta san abin da za ta tarar. Idan ta ce ba za ta zo ba, ba zan ga laifinta ba. Ke ma idan kin ga wauta nake yi ki gaya mini ba tare da sakaya ba, kamar yadda kika saba. 'Yar gonar da Baba ya bar mini dai kada a taɓa ta tukuna.

Ki gaishe mini da Mama, ki ce mata ina cin abinci ina zuwa coci, sauran kuma ki zaɓi abin da za ki gaya mata. Ina gaida Yaya Porfirio, da Inna Eduviges, da su Belkis da Osmín. Ki gaida Kawu Fermín, ki ce ban riƙe Obdulio a zuciya ba. Mis Verlie ma ta ce in gaishe ki. Ta ce ki auna tsawon Yolibeth da faɗin kafaɗarta da zare, ki ƙulla, ki aiko da shi cikin amsarki. Ta riga ta sayi yadi, rawaya mai ƙananan furanni, yana nan a kan kekenta na ɗinki.

Ubangiji ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai kewarku,
Nectalí